Mu huɗu da kalmar sirri ɗaya: wa ya taɓa zon ɗin suwic ranar Juma'a?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da matsalar da nake so mu tattauna da gaske, don tun ranar Juma'a ban runtsa yadda ya kamata ba.

A wurin aikinmu muna da ɗan ƙaramin ɗakin saba a can wajen Bompai. Akwatin ma'ajiya 1, sabobi 7, suwic 2 na Brocade 6505, ɗaya fabirik A ɗaya fabirik B, wato hanyoyi biyu daban tsakanin sabobi da ma'ajiya, kamar yadda aka saba. Muna dawowa daga masallaci sai ga waya daga ofishin kuɗi, wai manhajar albashi ta tsaya cak. Ko hula ban cire ba na faɗa ɗakin, na buga cfgshow a suwic na A, sai na ga tsarin da ke aiki ba namu ba ne. Wani ya ƙirƙiri sabon tsari mai zon guda tal, na sabuwar sabar da muke shirin ɗorawa, ya kunna shi da cfgenable. Kun san tsari ɗaya ne ke aiki a lokaci guda, don haka sauran zon duka suka sauka, sabobi suka daina ganin ma'ajiya ta ɓangaren A. Guda 6 sun ci gaba da tafiya ta B. Ta bakwai, wato ta albashi, ashe hanyarta ta B ta daɗe da mutuwa ba wanda ya lura.

Gyaran bai ɗauke ni minti 5 ba, na mayar da tsohon tsarin, komai ya dawo. Amma sai da muka kai bayan isha'i muna lallaɓa rumbun bayanan albashi kafin ya tashi lafiya.

Ga inda gizo ke saƙa. Mu 3 ne a ofis, da ɗan kwangilar da ya kafa mana kayan, duk da sunan admin muke shiga, kalmar sirri ɗaya, kuma tana rubuce a wata takarda da aka manna a cikin ƙofar rak. Yanzu oga ya ce lallai sai an ba shi sunan wanda ya yi, kuma ido ya koma kan ƙaraminmu, yaron da bai cika shekara da fara aiki ba. Ya rantse min ba shi ba ne, na kuma yarda da shi. An ce in sa hannu a takardar tuhumarsa ranar Laraba. Ta yaya zan gano gaskiya, kuma me zan yi kada haka ta sake faruwa?

Baba na Sharada:
Wa'alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya tsare gaba. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka da shaidarsa, wannan ɗaya. Na biyu, je ka buga clihistory da auditdump -s. Ko da duk admin kuke, suwic ɗin yana riƙe lokaci da adireshin kwamfutar da aka shigo ta cikinta. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Ɗan Fagge:
Na duba tun ranar Asabar Baba. Umarnin yana nan, cfgcreate sannan cfgenable, amma adireshin na tsohuwar kwamfutar tebur ce da ke cikin ɗakin saba. Kowa da ita yake shiga, don ita kaɗai ke da tsohon Java ɗin da Web Tools, shafin gudanar da suwic ɗin, ke yarda da shi. Shi ma ɗan kwangila ta cikinta yake shigowa da AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Agogon suwic ɗin kuma ba daidai yake ba, kwanan watan da yake nunawa ma daban ne.

Hajiya ta Hotoro:
Innalillahi. Malam Ɗan Fagge, ka yi haƙuri zan faɗi abin da ba zai yi daɗi ba. Ni aikina binciken tsaron bayanai ne, kuma abin da ka zayyana ɗin nan na gan shi a wurare da yawa cikin garin nan. Ana kashe miliyoyi a sayo ma'ajiya da suwic, a sa ƙofar ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki biyu, sannan a bar mabuɗin a jikin ƙofa. Wanda duk ya shiga suwic ɗin SAN, wato netwok ɗin da ke haɗa sabobi da ma'ajiya, da ikon admin, ya riƙe wuyan sabobinku gaba ɗaya. Ba sai ya shiga ko saba ɗaya ba, umarni biyu sun ishe shi, kamar yadda ka gani da idonka.

Abin da ya fi ci min rai ma yaron nan ne. Mutane suna ɗauka raba wa kowa asusunsa rashin yarda ne da ma'aikaci. Ni a gani na kariya ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Idan kowa da sunan admin yake shiga, ranar da abu ya lalace ba babba za a kama ba, ba ɗan kwangila mai lauya za a kama ba, wanda bai da gata za a kama. Da yaron nan yana da asusunsa shi kaɗai, da yau rajistar suwic ce za ta wanke shi ba sai ya yi rantsuwa ba.

Autan Gurup:
Afuwan manya, ni ɗalibi ne, netwok na Ethernet kawai na sani. Mene ne zon ɗin nan, kuma me ya sa kashe shi zai tsayar da saba?

Mai Cisco na Zoo Road:
Auta, bari in taƙaita maka. A SAN, saba ba ta ajiye bayananta a cikinta, faifanta yana can cikin akwatin ma'ajiya, tana kai wa gare shi ta kebul ɗin faiba da suwic na Fibre Channel. Kowace ƙofa a katin saba da kowace ƙofa a ma'ajiya tana da lambarta ta dindindin mai suna WWN, alamomi 16, bit 64. Idan saba ta shigo fabirik sai ta yi rajista, ta tambayi suwic, su wa zan iya gani? Zon shi ne shingen da ke cewa wannan ƙofar saba za ta ga wannan ƙofar ma'ajiya, ba za ta ga sauran ba. Ana tara zon ɗin a tsari ɗaya a kunna. Idan aka kunna tsarin da babu sunanka a ciki, kamar an zare maka faifai ne kana tsakiyar rubutu. Shi ya sa ake yin fabirik biyu da ba su haɗu da juna ba, kowace saba da hanya ta kowanne, idan ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe.

Baba na Sharada:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma bari in kawo wani ɓangaren. Na yi shekaru ina riƙe da irin waɗannan ɗakunan tun zamanin suwic masu gudun gigabit 2 da 4. Abin da na gani shi ne, tsaron da ya fi ƙarfin masu riƙe da shi shi ma wata masifa ce. Mutum 3 ne a ofishin nan. Ka raba musu asusu, ka sa kalmar sirri ta mutu bayan kwana kaza, ka sa suwic ya kulle mutum idan ya yi kuskure sau 3. To ranar da wuta ta ɗauke da tsakar dare, janareta ya ƙi tashi, batir ya ƙare, komai ya mutu, sai mai ikon admin yana Gaya wajen biki, wanda ke wurin kuma asusunsa na kallo ne kawai. Me za a yi? A nan ne za ka ga an koma rubuta kalmar sirri a takarda, kuma wannan karon a ɓoye. Ni na fi son tsarin da mutane za su iya bi ko da hankalinsu a tashe.

Hajiya ta Hotoro:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai ban ce a ɗaure musu hannu ba. Wannan daren da kake faɗa shi ya sa ake ajiye asusun gaggawa. Asusun admin na asali ba a goge shi, ana canza masa kalmar sirri zuwa doguwa, a rubuta, a sa a ambulan a liƙe, mutum biyu su sa hannu a kan bakin, a ajiye a sef. Duk wanda ya yage ambulan ya rubuta dalili, washegari a canza kalmar. Bambancinsa da takardar ƙofar rak shi ne an san ranar da aka buɗe da wanda ya buɗe.

Kuma Fabric OS, tsarin da ke tafiyar da suwic na Brocade, ya riga ya zo da matakan iko a shirye, ba sai ka ƙirƙira ba. Akwai User mai kallo kawai, akwai Operator, akwai ZoneAdmin wanda aikinsa zon ne, akwai SwitchAdmin, FabricAdmin, SecurityAdmin, sannan Admin. Da userconfig ake buɗe wa mutum asusu a ɗora shi a matakinsa. A ofis mai mutum 3, biyu su zama Admin da sunayensu, ƙaramin ya fara da Operator har ya goge. Wannan bai kai aikin rabin awa ba.

Baba na Sharada:
Maganar ambulan na karɓa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kulle asusun admin bayan kuskuren kalmar sirri. Duk wanda ya isa adireshin suwic ɗin zai iya zama yana buga shirme har ya kulle ku a waje. A sa wa sauran asusu da passwdcfg, a bar na gaggawa.

Oga Kabuga:
Ni ɗan kwangila ne, kuma na ga an fara karkata laifi wajenmu, to bari in yi magana kafin a yanke mana hukunci. Ranar miƙa aiki mu kan ce wa masu wurin su canza kalmar sirri. Wallahi da yawa ba sa canzawa. Ka koma bayan shekara biyu ka tarar da wadda ka bari, wani wurin ma ka tarar da admin da password ɗin da suwic ya zo da shi daga kamfani, abin da duk mai intanet ya sani. Sannan su ne za su kira ka ƙarfe 11 na dare, don Allah Oga shigo ta AnyDesk ka ɗora mana saba. Idan na ce a buɗe min asusu na daban, sai a ce ai ka san kalmar, shiga kawai. Ni kaina na fi son asusu mai sunana, domin ranar da wani ya yi ɓarna kada a ce ni ne.

Ɗan Fagge:
Gaskiya ka faɗa Oga, mu ma ba mu taɓa canzawa ba tun ranar da aka kafa. Wannan laifinmu ne, kuma nawa ya fi yawa tunda ni ne babba a ɗakin.

Mai Cisco na Zoo Road:
Me zai hana ku haɗa suwic ɗin da RADIUS ko LDAP kawai, yadda saba ɗaya ce za ta riƙa tantance duk mai shiga? Mu a wurinmu suwic na Cisco MDS muke da su, da TACACS+, ɗan'uwan RADIUS, muke shiga. Mutum ya bar aiki, a kashe asusunsa wuri ɗaya, shi ke nan ya fita daga suwic duka. Kuma kowane umarni da ya buga yana zuwa sabar da ke ajiye rajista da sunansa.

Baba na Sharada:
Yawwa, ga wurin da nake jira. Ɗan Fagge, sabar da ke riƙe da Active Directory ɗinku, inda asusun ma'aikata suke, a ina take zaune?

Ɗan Fagge:
VM ce Baba, wato sabar manhaja ba ta ƙarfe ba, guda biyu, duka a kan ma'ajiyar.

Baba na Sharada:
To ka gani. Ka ɗauka ranar Juma'a fabirik biyun ne suka faɗi. Sabar da za ta tantance ka tana kan faifan da ya ɓace, kai kuma kana so ka shiga suwic ka dawo da faifan. Mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin da aka kulle. Na taɓa kwana a kan irin wannan a wani wuri da ba zan ambata ba, mu 4 muna tsaye gaban rak, suwic yana jiran amsar sabar da ba za ta taɓa amsawa ba. Idan za ku yi RADIUS, to a aaaconfig ku tabbatar asusun cikin suwic yana nan a matsayin madogara idan sabar ba ta amsa ba, kuma ku gwada da gaske: ku zare kebul ɗin sabar, ku ga ko za ku iya shiga. Wanda bai gwada ba bai sani ba. Sannan ɗaya daga cikin sabobin tantancewar ta zauna a kan faifan cikinta, ba a SAN ba. Ni da suwic 2 da mutum 3 ma ba zan wahalar da kaina ba, asusun cikin suwic ya wadatar. Mai suwic 10 ko 20 shi ne dole ya nemi wuri ɗaya.

Mai Cisco na Zoo Road:
Wannan gaskiya ne Baba, mu ma tamu ɗaya a kan ƙarfe take ita kaɗai saboda haka.

Hajiya ta Hotoro:
Ina so mu koma kan kwamfutar nan ta ɗakin saba, don ita ce babbar ɓaraka. Tsohon Java, AnyDesk a buɗe dare da rana, kuma na tabbata tana kan netwok ɗaya da kwamfutocin ofis. Haka ne?

Ɗan Fagge:
Haka ne Hajiya. Daga teburin sakatare ma idan ka buga adireshin suwic ɗin shafin shiga zai buɗe.

Hajiya ta Hotoro:
To ai ko baƙon da aka ba wa kalmar wayales ɗin ofis yana bakin ƙofar SAN ɗinku. Ƙofar gudanarwa ta suwic da ta ma'ajiya su koma VLAN, wato keɓaɓɓen sashen netwok, nasu su kaɗai, wanda kwamfuta ɗaya ko biyu ne kawai ke isa gare shi. A cikin suwic ɗin kuma akwai ipfilter, mai tace waɗanda za su iya isa gare shi ta netwok. Ba a gyara tsarin asali kai tsaye, kwafarsa ake yi, a gyara kwafin, sannan a kunna. Ka rufe Telnet da ke lamba 23, domin kalmar sirri tsirara take tafiya a cikinsa, ka rufe HTTP da ke 80, ka bar SSH a 22 da HTTPS a 443, su ma daga adireshin da ka zaɓa kawai. SNMP, hanyar sa ido kan na'ura ta netwok, ma ka duba, sau da yawa za ka tarar da kalmomin public da private ɗin da ya zo da su suna nan. A koma SNMPv3.

Gargaɗi ɗaya: ranar da za ka kunna ipfilter, ka kasance a cikin ɗakin da kebul ɗin konsol a hannunka, laftof a saite a gudun 9600, ka riga ka gwada yana aiki. Layi ɗaya ka rubuta ba daidai ba ka kulle kanka.

Kuma ku daina dogaro da Web Tools ɗin nan. 6505 ba ya hawa Fabric OS 9 inda aka rabu da Java, a 8.2 ya tsaya. Ku koyi yin zon ta SSH, kowa daga laftof ɗinsa da asusunsa, tsohuwar kwamfutar ta huta.

Sannan a gaya wa oga, tunda albashi da bayanan ma'aikata ne a kan ma'ajiyar nan, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku. Wannan karon tsayawa kawai aka yi. Da bayanai ne suka fita, awa 72 doka ta ba ku ku sanar da hukumar NDPC, kuma tambayar farko da za a yi muku ita ce wa ke da ikon shiga. Me za ku ce, takardar ƙofar rak?

Autan Gurup:
Anti, tambaya kuma. Da wanda ya yi abin nan cfgdisable ya buga maimakon cfgenable, ai da sauƙi ko? Tunda an cire shinge, kowa zai ga ma'ajiya.

Hajiya ta Hotoro:
A'a Auta, wannan zai iya fin wancan muni. A Brocade, idan ba tsarin da ke aiki, abin da saitin defzone ya ce shi ake bi, kuma daga kamfani a buɗe yake zuwa, kowa ya ga kowa. Saba ta rasa faifanta abu ne mai ciwo amma ana dawowa. Saba ta ga faifan da ba nata ba ta yi rubutu a kai, wannan sai dai a nemi kwafin ajiya. Shinge na biyu shi ne wanda ke cikin akwatin ma'ajiya, inda ake cewa wannan LUN, wato yankin faifai, na wannan saba ne kawai, amma ba kowa ke yin sa da kyau ba. Shi ya sa ake sa defzone --noaccess, yadda idan ba tsari ba wanda zai ga kowa.

Mai Cisco na Zoo Road:
A MDS akasin haka ne, abin da ba ya cikin zon ba ya ganin kowa sai ka ba da izini da kanka. Kuma kowane VSAN, wato keɓaɓɓen sashen fabirik, da nasa tsarin zon. Amma mu ma muna da namu ramin: ka kunna zoneset ka manta copy running-config startup-config, wuta ta ɗauke, suwic ya tashi da wasu saitunan na jiya. A garin da ake ɗauke wuta kamar namu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Oga Kabuga:
Tunda ana maganar ramuka, ga wanda na fi gani. Fot sun ƙare, kuɗin sabo ya yi yawa, sai a sayo suwic ɗan gwanjo. Ya iso da zon ɗin wani kamfani na Turai a cikinsa, a jona shi da fabirik kai tsaye. Idan an yi sa'a tsarin biyu su yi karo, mahaɗar ta rabe, sabon ya zauna shi kaɗai. Idan ba a yi sa'a ba, tarkacen zon ɗin baƙo su shigo su cakuɗe da naku. Kafin a jona, a share zon ɗinsa tas, a ba shi lambar domen da babu mai ita, tsakanin 1 da 239, a daidaita defzone ɗinsa da na gida, a duba famwayarsa, wato manhajar cikinsa, ta dace da ta sauran. Kuma asusun da ke cikinsa a duba su ɗaya bayan ɗaya, ba ka san hannun da ya biyo ba.

Baba na Sharada:
Wannan ne ya sa duk fot ɗin da ba kowa a kai nake kashe shi da portcfgpersistentdisable, yadda ko suwic ya sake tashi a kashe zai dawo. Mutum ya shigo da kebul ya soka, ba abin da zai faru sai ya zo ya same ni. Wanda yake so ya ƙara ɗaurewa akwai tsarin SCC, jerin suwic ɗin da aka yarda su shiga fabirik, da DCC, wanda ke ɗaure WWN ɗin saba da fot ɗinta. Amma ku sani, da DCC ranar da katin saba ya ƙone aka canza, sabon ba zai shiga ba sai an gyara tsarin. A rubuta wannan a inda mai aikin dare zai gani.

Mai Cisco na Zoo Road:
Namu sunansu fabric-binding da port-security. Baba, ba gara su yi zon da lambar fot ba ma? An ce na WWN ana iya yi masa sojan gona.

Baba na Sharada:
Ana iya ara wa kati WWN ɗin wani, gaskiya ne, maganinsa DCC ko DH-CHAP inda na'ura ke tabbatar da kanta da sirrin da suka raba da suwic. Amma tsohuwar maganar nan cewa zon na WWN suna ne kawai ake ɓoyewa ta wuce, suwic irin nasu yana tsare shi a matakin ƙarfe muddin ba a gauraya WWN da lambar fot a zon ɗaya ba. Na fot kuma duk wanda ya soka kebul a wurin ya gaji ikon mai wurin. Su bar shi a WWN, ƙofar saba ɗaya a kowane zon, su sa wa kowace suna mai ma'ana da alicreate. Kada mu yi nisa da matsalar mutumin nan, Laraba tana matsowa.

Ɗan Fagge, agogon da ka ce ba daidai ba, ai ba hauka yake yi ba, baya ko gaba yake da wani adadi. Buga date a suwic ɗin, ka dubi wayarka a daidai lokacin, ka rubuta tazarar. Ka cire ta daga lokacin da ke cikin clihistory, za ka samu ainihin lokacin da aka buga umarnin, ko da kuskuren ɗan mintuna. Sannan ka buɗe rajistar AnyDesk a kwamfutar, tana riƙe da waɗanda suka shigo. Ka kuma tambayi maigadi wa ya karɓi mabuɗin ɗakin ranar.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba, wannan bai zo min a rai ba ko kaɗan. Gobe da sassafe zan yi.

Ɗan Fagge:
Jama'a na dawo. Na yi lissafin yadda Baba ya ce. An buga umarnin ne wajen ƙarfe 2 saura, lokacin mu ukun duka muna masallaci, sahu ɗaya ma muka tsaya da yaron. Mabuɗin ɗakin yana aljihuna. Rajistar AnyDesk ta nuna an shigo daga waje a daidai wannan lokacin. Na kira ɗan kwangilar, ya bincika, ashe wani sabon ma'aikacinsa ne ya ga saƙon da na tura tun Larabar da ta wuce cewa muna so a shirya wa sabuwar saba zon, ya ga kamar lokacin sallah ba kowa a kan na'ura. Ya yi cfgcreate a inda ya kamata ya yi cfgadd, ya ga sabuwar sabar ta ga ma'ajiya, ya fita yana ganin ya gama aiki. Bai ma san ya yi ɓarna ba sai yau.

Na kai wa oga takardun da kaina. An janye tuhumar. Yaron da na gaya masa sai ya zauna a kan kwalin UPS ya rufe fuska da hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Kwana 4 yana zuwa aiki ba ya iya cin abinci.

Hajiya ta Hotoro:
Alhamdulillah. Allah ya saka maka da ka tsaya masa.

Oga Kabuga:
Don Allah shi ma wancan kada a sa a kore shi. Suwic ɗin yana tambaya kafin ya kunna sabon tsari, amma wanda bai taɓa ganin fabirik ya faɗi ba y, wato eh, kawai zai danna. Laifin wanda ya ba shi kalmar admin ta kwastoma ba tare da ya zauna kusa da shi ba ne.

Ɗan Fagge:
Haka na gaya wa maigidansa. Ga inda muka kai yau. Na yi configupload na suwic biyun zuwa laftof da filasha kafin in taɓa komai, kuma na lura kalmomin sirri ba sa cikin wannan kwafin, to ambulan ɗin Hajiya ya zama dole. Na buɗe asusu 3 da sunayenmu, na ɗan kwangila kuma a kashe yake sai ranar da muka kira shi. Takardar ƙofar rak na yage ta. Na saita tsclockserver, agogon ya daidaita. AnyDesk na cire. Hanyar B ta sabar albashi kuma ƙura ce, bakin faibar ya yi futu-futu tun hunturu, na goge da abin goge faiba fitila ta koma kore. ipfilter da VLAN sai ranar Asabar, fabirik A tukuna, idan ya kwana lafiya sannan B.

Baba na Sharada:
Daidai, kada ka taɓa taɓa biyun rana ɗaya. Kuma kafin kowane cfgenable ka duba kowace saba tana da hanyoyinta biyu a raye, ka sa ma wani abu ya riƙa yi maka ƙara idan ɗaya ta mutu. Syslog fa, rajistar abubuwan da ke faruwa a suwic, ina kake tura shi?

Ɗan Fagge:
Ban saita ba tukuna Baba. Na yi niyyar buɗe VM ƙarama.

Baba na Sharada:
A kan ma'ajiyar?

Ɗan Fagge:
Na gane. Tsohuwar kwamfutar teburin nan zan goge in sa mata Linux, ta zauna a VLAN ɗin gudanarwa tana karɓa. Hajiya, ambulan ɗin fa, sef ɗin ofishin kuɗi ne kawai muke da shi, kuma akanta ba ya zuwa Asabar da Lahadi.

Hajiya ta Hotoro:
Ku sayi ƙaramin akwatin ƙarfe a Sabon Gari ku kafe shi a bangon ɗakin saba, mabuɗi ɗaya wajenka ɗaya wajen oga. Kwafi na biyu ya tafi sef ɗin akanta. Ranar Asabar idan za ka kunna ipfilter ka turo min layukan ta saƙon sirri in duba maka kafin ka danna.